Sai ranar kuɗi lakwal ke tuna yaro yana da uwaye

 Yau maganar lakwal ce, kuma na san akwai malaman da ba za ta yi wa daɗi ba. Su yi haƙuri su kai ƙarshe.

Kai uba, ke uwa, daga Takeita har ƙauyen da ya fi nisa da kwalta: yaushe rabon da lakwal ta aiko muku da saƙon da ba na kuɗi ba? Abin da aka saba ji shi ne: "Baba, mushe ya ce a kawo dala ashirin." "Inna, an ce kowa ya kawo kara da zana za a yi rumfar aji." Idan ba wannan ba, to yaro ya fasa wa wani kai, ana neman ubansa. Amma abin da ake koya masa a watan nan, da ranar kompozisiyon, da dalilin da ya sa ya yi kwana goma yana dawowa gida tun hantsi, babu mai gaya maka. Sai ka tsinta a bakin yaron, shi kuma ɗan CP abin da ya ga dama yake faɗi.

Sai kuma buletin. Takarda ce da Faransanci, a ba yaro ya kai wa uban da bai taɓa zama aji ba, a ce ya sa hannu. Ya dangwala yatsa a ƙarƙashin kalmar da ke cewa ɗansa bai iya komai ba, ya ce masa Allah ya yi albarka. Ni da Faransanci na yi kolej da lise, ba ni da faɗa da harshen. Amma takardar da mai ita ba ya iya karantawa, wa aka rubuta wa? Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci harshen aiki. Kuma a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, tun 1973. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma layi biyu na Hausa a ƙasan buletin ya gagare mu?

Wani zai ce mene ne abin tada jijiyar wuya. Ga shi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma masu gama firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake so ba. An samu ci gaba a na 2019, amma har lokacin mafi yawa suna ƙasa. Waɗannan yaran ba ranar ƙarshe suka lalace ba. Shekara shida suka yi, daga CI har CM2, kullum da allo a hannu, uwaye suna ganin ana tafiya ana dawowa suna zaton ana karatu. Sai jarrabawar CFEPD, wadda aka dawo da ita a 2024, ta zo ta tona asiri. Lokacin nan uba zai ce an ɓata masa yaro, gara da gona ya bar shi. Ƙanen ba zai je ba. Ƙanwar kuwa, kun san inda za ta: talla, daga nan ɗakin miji. Da tun a CE1 wani ya zauna da uban nan ya ce masa, da Hausa, "ɗanka bai san baƙaƙe ba tukuna, ga abin da za mu yi, ga naka," da labarin ya canza.

Abin haushin shi ne hanyar tana nan, ba sabuwa ba ce. COGES, wanda yanzu ake kira CGDES, domin wannan aka kafa shi. Shirin Lakwal Domin Kowa da aka fara a jahar Tawa a 2004 tare da hukumar JICA ta Japan, ya bazu ƙasa duka daga 2007, kan abu uku ya tsaya: jama'a su zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri, a tsara aikin shekara a babban taron gari, a dawo gaban taron a ba da lissafi. Daga baya ma aka ƙara da gwada yara a kawo sakamakon gaban uwaye, kowa ya ji da kunnensa, sannan a shirya karatun ƙari. To a garinku yaushe aka yi taron ƙarshe? Wa ya zaɓi shugaban? A wurare da yawa kwamitin ya koma mutum biyu da hatimi: direkta da wani dattijo da ba a iya yi wa musu. Ƙungiyar uwaye mata kuwa, AME, sai ranar da baƙi za su zo da farar mota ake nemanta. Alhali mata ne suka san wane yaro ya karya kafin ya fita, wace yarinya aka ɗora wa tire.

Na san amsar malamai, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗan kwantaragi da ke jiran ɗan abin da ake ba shi, da aji cike maƙil a rumfar kara, ga iskar hunturu, ba shi da kuɗin buga takarda. Na yarda. Amma wa ya ce takarda? Mu mutanen baki da kunne ne, aikina ma ke nan. Biki ko suna, cikin yini ɗaya gari duka ya sani. Mai shelar maigari yana nan. Liman yana sanarwa bayan sallar Juma'a. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp yana isa har wurin uban da ke ci-rani a Kano ko Agadas, kuma shi ke aiko kuɗin kaye. Gidajen rediyo kuma, mu ma da namu: muna karanta gaisuwar masoya awa guda, sanarwar lakwal ba ta samun minti biyu. Direkta ya aiko, mu karanta.

Akwai kuma abin da ya wuce maki. Gobarar da ta ci rumfunan aji a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba 2021 ta kashe yara fiye da ashirin, bayan ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun shekarar. Uban da aka ce ya kawo kara yana da haƙƙin a gaya masa wane aji za a sa ciki, ƙofa nawa gare shi, kuma wa ke tsaye kan yara idan mushe ya fita. Haka a 2024 da ambaliya ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, masu rediyo da salula sun ji. Sauran fa, wa ya bi su?

Uwaye, ku ma kada ku yi murmushi. A kira taro, mutum bakwai su zo, sauran suna bakin tasha ana shan shayi. Akuyarka ta kwana waje sai ka zagaye gari da tocila, amma sunan malamin ɗanka ba ka sani ba.

Ina kira ga insipekta na firamare da hukumar kumin ta Garagumsa: a wajabta wa kowace lakwal taron uwaye bayan kowace kompozisiyon, da Hausa, a lokacin da mata za su iya zuwa, a faɗi yara nawa suka iya karatu a kowane aji, a faɗi kuɗin da aka tara da inda suka shiga. Ku kuma ku rubuto mani ranar da aka yi taron ƙarshe a garinku. Wanda ba ya rubutu ya aiko da murya, zan saurara.