Idan Liman Ya Sauka, Ina Zai Dosa?



Yau maganata a kan limamanmu ce, kuma na san wasu za su ce yaro ya yi rashin kunya. A yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. Daga Sabon Ibadan zuwa Agege, daga Shagamu zuwa Ama Hausa ta Owerri, halinmu ɗaya ne. Mutum zai shekara ashirin yana jan mu salla, yana raɗa wa 'ya'yanmu suna, yana ɗaura mana aure, yana sallatar mamatanmu, amma ranar da ya sauka, ko don rikicin kwamiti, ko don wata ƙungiya ta karɓe masallacin, ko don ɗan abin da ake ba shi ya kasa riƙe iyali, sai kowa ya kau da kai. Ba fansho, ba sallama. A Arewa wanda ya sauka yana da gonar gado da dangi. A nan gidan haya yake, kuma a Legas kuɗin shekara mai gida yake nema.

Abin haushin shi ne, idan bawan Allahn nan ya kasa albasa a Mile 12, sai mu ce Malam ya bi duniya. Idan ya zauna a zaure yana rubutun sha don ya ci abinci, sai mu ce ya zama ɗan tsibbu. To jama'a, wace ƙofa muka bar masa?

Wai kasuwa tana zubar da girman malami. Wa ya ce? Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan hijira, ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa. Sayyidina Abubakar da aka naɗa shi halifa kasuwa ya nufa da kayansa, sai da sahabbai suka yanka masa albashi daga baitulmali sannan ya bari. Ke nan hanya biyu ce: ko a biya mutum abin da zai ishe shi, ko a ƙyale shi ya nema. Mu mun ƙi ta farko, mun kuma toshe ta biyu. Abin da ke zubar da girman malami shi ne jiran ambulan daga hannun alhaji, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da alhaji ke biya wa haya, da wane baki zai gaya masa cewa algus haramun ne?

Kuma ayyukan suna nan. Akwai koyarwa a makarantun Islamiyya da na boko, ga wanda ya zana jarrabawar hukumar NBAIS ya ɗora da NCE. Ku dubi 'yan uwanmu Yarabawa: Shehu Adam Al-Ilory ya kafa Markaz a Abeokuta a 1952, daga baya ta koma Agege, ɗalibanta kuwa sun shiga jami'o'i har sun zama malamai a cikinsu. Akwai bankunan Musulunci, Jaiz da ya fara aiki a 2012 da Lotus da ya buɗe a Legas a 2021, inda sanin fiƙihun ciniki yake da daraja, amma sai da takarda da Turanci. Kamfanonin Hajji da Umra suna buƙatar jagora mai Larabci, haka 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Alƙahira suna buƙatar tafinta. Sannan ga kasuwar kanta. Ni ɗan mai goro ne, na san cinikin goro da shanu bashi ne da amana, kuma wanda unguwa ta yarda ta bi shi salla ba zai rasa mai ba shi kaya ba.

Saboda haka kirana ga sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai shi ne, a ware wani kaso daga kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a a ajiye don sallamar liman da ladan. Na'ibi matashi a biya masa kuɗin jarrabawa tun yanzu, kada a jira ya tsufa. Alhazanmu masu gasar sa tayil a masallaci, ku ba tsohon liman jari, ba ragon layya kaɗai ba. Malamai kuma ku koya wa almajiranku sana'a tare da allo.

Duk wanda ya ga tsohon limaminsa a rumfa, ya yi masa gaisuwar da ya saba, ya sayi kayansa, ya biya nan take.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.