Kafin Gada Ta Zo, Mu Rubuta Tarihin Jirgin Fitonmu



A darasin tarihi an koya mana cewa Kogin Binuwai daga ƙasar Kamaru ya taso, ya haɗu da Kogin Neja a Lokoja. An kuma gaya mana kamfanin Turawa na Royal Niger Company ya yi tasha a nan Ibi, kafin gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannunsa a 1900. Amma har yau ban ga shafi ko ɗaya a littattafanmu da ya yi maganar jirgin fito ba, alhali shi ne yake haɗa mu da tsallake tun kafin a haifi iyayenmu. A ganina wannan giɓi ne, kuma mu ya kamata mu cike shi.

Duk wanda zai tashi daga Wukari ya bi ta garinmu zuwa Shendam a Jihar Filato, dole ya tsaya a bakin kogi. Mota, babur, buhunan doya, busasshen kifi, awaki, amarya da kayanta, mara lafiya, duk ta ruwa suke hayewa. Makurdi ta samu gadarta tun 1932, Numan da Jimeta ma suna da nasu. Mu kuwa har yanzu fito muke yi.

Kakana ya yi shekaru yana wannan sana'a. Ya ce da can da sanda da filafili suke tuƙa kwalekwale, sai daga baya inji ya zo. Ya san inda yashi ke taruwa da rani har jirgi ya kafe. Ya san yadda ruwa ke cika ya yi ƙarfi a watannin Agusta da Satumba. Da ya kalli sama zai ce yau kada a tashi. Bara babban abokinsa na bakin kogi ya rasu. Da na tambayi Kaka yaushe aka fara ɗaukar mota a jirgi, sai ya yi shiru, ya ce, "Jikalle, wanda ya riƙe wannan shi ne muka binne."

Na san wani zai ce fito ai wahala ce, me za a tuna a ciki? Gaskiya ne akwai wahala. Ni ma na taɓa yini da Inna a bakin kogi muna jiran inji ya gyaru, har muka rasa ɗaurin auren da za mu je. Akwai kuma gidajen da ruwa ya ci musu mutane. Ina son gada kamar kowa. Amma idan ba a rubuta ba, wa zai san abin da ya jawo haɗurran da, ko lodi ne ya yi yawa, ko tafiyar dare ce, har a kiyaye gaba? Kuma ranar da gada ta zo, masu fito za su watse, labarinsu ya bi ruwa.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta 'yan jarida ita ce, wannan zangon karatu mu nemi izinin shugaban makaranta, malami ya raka mu bakin kogi ranar Asabar. Mu gaida tsofaffin masu fito, mu tambaye su nawa ne kuɗin fito a da, wa ya koya musu, wace shekara ce ruwa ya fi ba su tsoro. Mu rubuta, mu liƙa a wannan allo, mu ajiye kwafi a ɗakin karatu. Biro da littafin rubutu kawai muke buƙata.

Ni zan fara da Kaka wannan makon. Wanda yake so ya zo, ya same ni lokacin tara a aji biyu.