Ina Iyayen Yaran Sabo?

Wannan magana na so in yi ta ne a masallaci bayan Asuba, sai na ga waɗanda nake nufi da ita, da an sallame suke zura takalmi su nufi kasuwa. To bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

A zangon karatun da ya wuce, 'yata da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ta kawo mini takardar gayyata zuwa taron iyaye da malamai. Na bar wa yarona rumfa a Bodija, na tafi. Na tarar da zaure cike, yawanci matan Yarbawa, wasu da goyo, wasu kana gani ka san daga bakin tireda suka taso. Na waiga ina neman namu. Mu huɗu ne, har da ni. Alhali duk wanda ya tsaya bakin ƙofar makarantar nan da safe ya san yaran unguwarmu ba su ƙirguwa da yatsu. Da aka tashi, shugabar makarantar ta tare ni ta ce, "Alhaji, ina mutanenku?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta.

Ga abin da aka yanke a zaman da ba ku zo ba. An sa darasin ƙari na 'yan aji uku bayan tashi, daidai lokacin da yaranmu ke tafiya Islamiyya. An ɗage gyaran katangar baya da ta rushe sai wani zango. An zaɓi iyayen da za su zauna a kwamitin makaranta, babu ɗan Sabo ko ɗaya. Ba wanda ya zalunce mu. An tambaya, masu hannu sun ɗaga, an ƙirga. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan, in ji mutane, amma mu kam an yi mana, don mu muka aika da kawunanmu muka zauna a gida.

Na san uzurorin, don a majalisa ɗaya muke zama. Na farko, wai kasuwa. Haba Alhaji! In aka ce motarka ta goro ko ta wake ta lalace a hanyar Ilori, ko ƙarfe biyun dare ne za ka tashi. In dala ta motsa, ɗan canji ba ya ko cin abinci sai ya san inda ta tsaya. Amma awa biyu sau ɗaya a wata uku saboda ɗan da ka haifa, shi ne ya gagara? Matan da na gani a zauren su ma 'yan kasuwa ne, jarinsu bai kai rabin naka ba.

Na biyu, wai ba ka jin Turanci, Yarbancinka kuma na ciniki ne. Yarbancin da kake karya farashi da shi a Bodija ya isa ka tambayi malami ko ɗanka na zuwa aji. In ma bai isa ba, unguwar nan cike take da samari da 'yan mata da aka haifa a Badun, suna Yarbanci kamar ruwa, wasu har jami'a sun gama. Ka ɗauki ɗaya ya raka ka. Tun 1916 aka kafa Sabo. Shekara fiye da ɗari muna nan, mun binne kakanni a nan, har yanzu muna tafiyar da al'amarin 'ya'yanmu kamar baƙin da gobe za su hau mota su koma Arewa.

Na uku, wai duk taron kuɗi ne ake nema. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba zan musa ba. Amma ka san cewa tun 2019 Gwamna Seyi Makinde ya soke naira 3,000 da ake karɓa a hannun ɗaliban sakandaren gwamnati a jihar nan? Ka san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas? Wanda ya san haka, in aka kawo maganar kuɗi zai miƙe ya ce na mene ne, a rubuta a ba shi rasit. Wanda ba ya zuwa kuwa, duk abin da yaro ya zo ya faɗa sai ya zaro ya bayar yana gunaguni, ko ya ce ya fasa bokon. Dokar nan fa ba gwamnati kaɗai ta ɗaure ba, har uba. Uban da ya ƙi kai ɗansa, karo na farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Rashin kama mutane bai sa ta daina zama doka ba.

Yanzu maganar da ta fi hana ni barci, lafiyar yaran. Katangar da na ambata, ta nan yara ke sulalewa bayan hutun tara. Ina suke zuwa? Shagunan caca ta ƙwallo da gidajen kallo, da rigar makaranta a jikinsu. Da idona na ga ɗan wani bawan Allah da muke sahu ɗaya, ƙarfe sha ɗaya na safe, yana ba wani ƙato kuɗin tararsa ya buga masa. Ubansa na can yana cewa ɗana na makaranta. Sannan ku dubi titin da suke tsallakawa wajen Mokola, tsakanin 'yan okada da Micra masu tsayawa duk inda suka ga dama. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, riƙe da ƙanwarsa, ba babba ko ɗaya. Mun manta yadda hankalinmu ya tashi a Fabrairun 2021 da rikicin kasuwar Shasha? In irin wannan ta taso, Allah ya kiyaye, ana tsakiyar karatu, mutum nawa cikinmu ke da lambar malamin ajin ɗansa? Da yawa ko sunan ajin ba su sani ba.

Abin da ake koyarwa ma muna da ta cewa, in mun zo. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, ta rage yawan darussa, ta ce kowane ɗan ƙaramar sakandare ya ɗauki sana'a ɗaya: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, gyaran waya da kwamfuta, kwalliya, ko noman lambu. Ba kowace makaranta ce za ta iya duka ba, za ta zaɓa ne gwargwadon malamai da kayan aiki. Mu da muke kukan boko ba ya koya wa yaro neman na kansa, ga dama ta zo. Masu kiwo da masu ɗinki da masu gyaran waya, Sabo ta fi kowa. Me zai hana mu ce ga gwanayenmu, su riƙa shiga suna nuna wa yara? Haka darasin addinin Musulunci. In babu malami, sai iyaye sun rubuta sun bi sawu ake turowa. Shari'ar hijabi a makarantun Legas da Kotun Ƙoli ta yanke a 2022, ai ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka bi ta shekara da shekaru ba su gaji ba.

Sai 'yan mata. Yarinya ta kai aji biyu, ta fara girma, uba ya ce hanya ba tsaro, a cire ta. Tsoronsa gaskiya ne, ni ma uban 'ya mace ne. Amma maganin hanya marar tsaro shi ne a tsare hanyar. Shekara ɗaya ta rage ta rubuta jarrabawar kammala aji uku ta riƙe takardarta. Mu ne kuma gobe in matanmu suka je asibiti muke cewa ina ma a sami mace tamu ta duba su. Daga ina za ta fito?

Ni ba ɗan boko ba ne. Allo da Islamiyya na yi, da su nake alfahari. A can aka koya mini cewa ɗa amana ne, kuma uba za a tambaya, ba shugabar makaranta ba. Biyan kuɗin littafi bai sauke wannan nauyi.

Ga roƙona. Duk takardar taro da ta shigo unguwa, a kai wa liman ya sanar ranar Juma'a. Mai Martaba Sarkin Hausawa da dattawa su naɗa mutum biyu, namiji da mace masu karatu, su nemi kujera a kwamitin makaranta. Matasanmu su raba kwanaki, biyu-biyu, su tsaya wurin tsallaka titi safe da lokacin tashi. Malaman Islamiyya mu zauna da makaranta a daidaita lokacin 'yan aji uku, kada yaro ya rasa ɗaya saboda ɗaya. Katanga kuwa, bulo nawa ne? Kuɗin da muke liƙi a biki ɗaya ya gina ta har da fenti. Uban da ya kasa zuwa ya bar uwar yaran ta je da rakiya. Kai kuma yau da dare ka ce wa ɗanka ya kawo jakarsa. Ko ba ka iya karantawa, za ka gane littafin da aka yi rubutu da wanda yake fari fat.

Wanda maganata ta sosa, ya yafe mini, ya same ni a zauren taro na gaba mu ƙarasa a can. Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare su fita da shiga. Wassalam.