Benaye Ba Kowa, Jama'a Na Kwana A Rumfunan Kasuwa

'Yan uwa mazauna Legas, duk wanda ya bi ta Ikoyi ya ga tsohuwar Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, katafaren benen da ya zama kango bayan an mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991. Haka Ginin 'Yancin Kai da ke kusa da Dandalin Tafawa Balewa. Alhali kuwa masu dakonmu da masu gadinmu a Mile 12 da Agege da Idi-Araba da yawansu a rumfunan kasuwa da harabar masallatai suke kwana.

Idan ba a manta ba, a 2006 gwamnati ta ba wani kamfani sakatariyar nan a kan kimanin Naira biliyan 7 don ya mai da ita gidaje masu tsada. Aikin ya tsaya saboda saɓani da gwamnatin jiha kan izinin gini, aka shiga shari'a. Ko da an kammala, talaka ba shi da rabo, domin wanda ya ciyo bashin banki mai ruwa da yawa, mai hannu da shuni zai nema.

Mu a ganinmu, wanda ya ba da kuɗin gyara shi ke zaɓen wanda zai shiga. To akwai kuɗin jama'a. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikata, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance daga cikinsa da ruwa kashi 6. Muna kira ga gwamnati ta gyara benayen nan da wannan asusu, ta keɓe wani kaso na ɗakunan ga masu ƙaramin ƙarfi.

Wajen rabo kuma a dubi katin zama ɗan Legas da shaidar biyan haraji, kada a nemi takardar asalin jiha. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana wariya saboda asali, na 43 kuma ya ba kowa damar mallakar gida ko'ina a Nijeriya.

Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu sana'ar kansu ma suna iya zubi a asusun. Don haka muna roƙon sarakunanmu da shugabannin kasuwanni su mai da adashinmu ƙungiyar gama-kai mai rajista, kowa ya karɓi katinsa, ya adana rasidin harajinsa, don ranar rabo a same mu da takardu a hannu.

Allah Ya sa mu dace.