A bai wa ɗaliban likitanci na Lamorde filin rubutu

Duk wanda ya tsallaka gadar Kennedy da safe zuwa Harobanda a birnin Yamai zai ci karo da su, matasa riƙe da fararen riguna, sun nufi Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni ko asibitin ƙasa na Lamorde, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Amirou Boubacar Diallo. A nan ne ɗalibi ke fara ganin mutum ya cika a gabansa. A nan ne yake fara tsayawa kusa da uwar da za a faɗa wa cewa ɗanta ya rasu. Washegari kuma akwai jarrabawa, don haka sai ya haɗiye abin ya buɗe littafi.

Wannan haɗiyewar tana da illa. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2016, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe sama da 40, ya gano cewa kusan kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likitanci na fama da ciwon damuwa ko alamominsa, kuma kusan kashi 11 sun taɓa tunanin kashe kansu. A cikin masu alamomin, waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar da matsin aiki ke haifarwa a matsayin matsala mai zaman kanta a wuraren aiki. Ɗalibin Yamai kuwa nasa nauyin ya ninka. Birnin ya ga annobar sanƙarau a 2015, unguwar Lamorde ta sha ambaliyar kogin Kwara a 2020, ga majinyatan da ke isowa daga karkara bayan ciwo ya ci jiki, kuɗin magani kuma ya ƙare a hanya.

Wasu makarantun sun daɗe da nemo mafita. Kwalejin likitanci ta Hershey a jihar Pennsylvania ta Amurka ta buɗe sashen adabi da ɗabi'a tun 1967. A Jami'ar Columbia da ke New York, likita Rita Charon ta kafa shirin koyar da likitanci ta hanyar labari a shekarar 2000. Dabararta mai sauƙi ce: bayan ɗalibi ya cike takardar majinyaci da zafin jiki da hawan jini, sai ya buɗe wani littafi nasa ya rubuta abin da takardar ba ta da gurbinsa, wato tsoron majinyacin da abin da shi ɗalibin ya ji, sannan a zauna ƙungiya-ƙungiya a karanta.

Nahiyar Afirka ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Agostinho Neto, shugaban Angola na farko, likita ne kuma mawaƙi. Lenrie Peters na Gambiya likitan tiyata ne da ya rubuta waƙoƙi da ƙagaggen labari. Nawal El Saadawi ta Masar ta ɗebo wani ɓangare na abin da ta rubuta daga matan da ta duba. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, haɗa magunguna ya karanta.

A Lamorde akwai ƙarin dalili, shi ne harshe. Da Faransanci ake koyar da ɗalibi, amma mai jinyar da ke gabansa da Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci za ta yi masa bayani. Idan ta ce zuciyarta na tashi, ko ta ce sanyi ne ya kama ta, ko shawara ce ke damun jariri, likitan da bai saba da salon maganar mutane ba zai iya kuskuren fahimta, ya rubuta maganin da bai dace ba. Ɗalibin da ya zauna ya rubuta labarin majinyaci cikin harshen majinyacin yana horar da kunnensa ne. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ɗakin jinya na cikin wuraren da ya kamata a fara ganin amfanin matakin.

Masu ja da wannan shawara na da hujja. Za su ce asibitin da ke neman kayan aiki da ɗaliban da ke jiran kuɗin tallafin karatu ba waƙa ce damuwarsu ba, kuma jadawalin karatu ya riga ya cika maƙil. Gaskiya ne, rubutu ba zai sayo iskar oksijin ba, ba zai kuma maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa ga ɗalibin da ciwon damuwa ya kama ba. Sai dai abin da ake nema bai wuce awa biyu a wata, da aji guda, da malami mai sauraro ba. Tsangayar Adabi tana cikin jami'ar, cibiyar CELHTO mai tattara adabin baka tana cikin Yamai, kuma ƙasar da ta haifi Yazi Dogo ba ta rasa masu koya wa ɗalibi yadda ake isar da mummunan labari ta hanyar wasan kwaikwayo.

Sharaɗi biyu ne wajibi. Kada sunan majinyaci ko wata alama da za a gane shi da ita ta shiga rubutun, balle ta kai Facebook ko WhatsApp. Kada kuma a sa maki, domin da zarar an sa, ɗalibi zai rubuta abin da malami ke son ji.

Shugabannin tsangayar ne ke da ikon ware lokacin, ƙungiyoyin ɗalibai kuma su ne za su cika ajin. Likitocin Nijar da ke aiki a Faransa da Beljiyam da Kanada na iya ɗaukar nauyin buga ƙaramar mujalla sau ɗaya a shekara, cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma majinyacin da zai zauna gaban waɗannan ɗalibai nan da 'yan shekaru shi ne zai fi kowa cin moriyarsa.