Sharhi: Tsohuwar firiza na cin ribar mai ita, tana cin wutar unguwa

Duk shekara, da zarar watan Maris ya kama, zance ɗaya ne a bakin mutanen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: ɗauke wuta. Zafi ya haura digiri 40, mai ƙanƙara na kallon jarinsa yana narkewa, mai kifi na jefar da kwali guda saboda ya sauya wari, matar da ke sayar da zoɓo da kunun aya a ƙofar gida ta mayar da kuɗin mai saye don abin bai yi sanyi ba. Idon kowa kan kamfanin NIGELEC yake, kuma babu mai musun cewa wutar ba ta isa. Sai dai akwai rabin zancen da ba a cika faɗa ba: wani kaso mai yawa na ƴar wutar da ake samu yana salwanta ne a cikin tsofaffin firigo da firiza da ɗakunan sanyi na ƴan kasuwa.

Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ake raba wa jama'a daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da aka katse ta a watan Agustan wannan shekarar, kowa ya ga abin da dogaro da maƙwabci ke jawowa, kuma ba ta dawo ba sai bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta Malbaza mai megawat 7 tana nan tun 2018, madatsar Kandadji da ake sa ran za ta ba da megawat 130 kuma har yanzu ba a gama ta ba. Gina tasha na cin shekaru da biliyoyin sefa. Rage ɓarna kuwa ana iya fara shi gobe da safe, da tsumma da buroshi.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki firiza mai injin da ke jan wat 200. Idan injin yana aiki dare da rana ba hutu, zai sha kilowat-awa 4.8 a yini, wato 144 a wata. Idan firizar na da lafiya har injin yana hutawa rabin lokaci, 72 kawai zai sha. Mai sana'ar ƙanƙara da ya jera firiza 10 a zaure, bambancin a wurinsa kilowat-awa 720 ne duk wata. A matakin ƙasa kuma, idan firiza 10,000 suka rage wat 100 kowacce, an sami megawat 1 ba tare da an kafa ko faranti ɗaya na sola ba. Firiza 70,000 sun yi daidai da ƙarfin tashar Malbaza.

Aikin firiza shi ne ta kwashe zafi daga ciki ta zubar da shi waje. Gas ɗin da ke yawo a bututu yana ɗaukar zafin kaya, kwamfuresa, wato injin nan baƙi da ke ƙasa, ya matse shi ya tura shi ragar baya, ragar ta saki zafin cikin iska. Duk abin da ya hana raga sakin zafi yana ƙara wa injin wahala. Injiniyoyin sanyi sun daɗe da ƙa'idar cewa duk digiri ɗaya da zafin raga ya ƙaru, wutar da injin ke sha na ƙaruwa da kashi 2 zuwa 4 cikin 100. To, a dubi inda mafi yawan firizojin kasuwa suke: cikin shagon kwano mara taga, an manna su da bango, an ɗora buhuna a gefe, ƙurar hunturu ta yi wa raga bargo. Ragar da zafinta ya ƙaru da digiri 10 saboda ƙura da rashin iska tana iya ƙara kashi 20 zuwa 40 a kan kuɗin wuta. Share ta duk wata, janye firiza taƙi ɗaya daga bango, yi mata rumfa, da buɗe taga sama da ƙasa don iska ta ratsa, duk ba su kai kuɗin cinikin yini ɗaya ba.

Haka abin yake ta ciki. Ƙanƙarar da ta taru a jikin bango tana toshe hanyar da zafi zai bi ya fita, don haka da ta kai kaurin rabin santimita ya kamata a narkar da ita, kuma ba da wuƙa ba, domin wuƙa ce ke huda bututu gas ya tsere. Robar ƙofa da ta saki tana barin iska mai zafi ta shiga dare da rana. Ana gwada ta da takarda, a rufe ƙofa a kanta, in ta zare babu tirjiya robar ta mutu. Firiza ta kwance ta fi ta tsaye riƙe sanyi, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, da an buɗe ƙofar ta tsaye sai ta zubo ƙasa. Nama da kifi digiri 18 ƙasa da sifili suke bukata, lemo da nono kuwa digiri 4 ya ishe su. Mai shagon da ke daskarar da ruwan leda sannan ya fito da shi rana ya narke kafin a saya, sau biyu ya biya kuɗin aikin banza.

Ko ruwan da ake ƙanƙara da shi akwai lissafi a kansa. Kilo ɗaya na ruwan da ya yini a jarka cikin rana har ya kai digiri 40 yana bukatar a cire masa zafi kusan kilojul 500 kafin ya daskare. Wanda ya kwana a randa ko a inuwa ya sauko digiri 25 kusan 440 yake bukata. Ragin kashi 12 cikin 100 ke nan, daga dabarar da kakanni suka sani tun kafin lantarki ya zo.

Babbar matsalar kuwa tun wurin saye take farawa. Yawancin firizojin da ake gani a kasuwar Katako ta Yamai, kasuwar Dole ta Damagaram da babbar kasuwar Maraɗi na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai. Kowace firigo tana da ƴar takarda a baya ko a ciki mai nuna irin yanayin da aka ƙera ta dominsa. Harafin N da SN na nufin iyakarta digiri 32, ST digiri 38, T kuma digiri 43. Firigon kanti mai gilashi lamba ake sa mata: aji 3 an gwada ta a digiri 25, aji 5 a digiri 40. Na'urar da aka yi wa digiri 32 aka kawo ta shagon kwano a Tawa cikin watan Afrilu, injinta ba zai taɓa hutawa ba har ranar da zai ƙone. Araha ba ta ado: abin da aka rage wurin saye, mita ce ke karɓe shi wata bayan wata.

Wannan magana ta shafi ƴan ƙasar da ke Abijan, Akra, Kano, Libiya, Aljeriya ko Turai kai tsaye, domin firiza na cikin jarin farko da ake saya wa uwa, mata ko ƙane su dogara da kansu. Mai aiko da kuɗin ya nemi a ɗauko masa hoton takardar nan kafin a biya, ya ga harafin T, ya ga irin gas ɗin, ya ga kilowat-awa nawa take sha a shekara. Ya kuma ware kuɗin na'urar daidaita ƙarfin wuta mai jinkirta tashi. Injin firiza na jan ninki da yawa na wutarsa a lokacin tashi, kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take yana bukatar minti 3 zuwa 5 kafin matsin gas ya daidaita. Wutar da ta faɗi ƙasa da bolt 220 sosai, da tashi ba jinkiri, su ne ke ƙona injuna da dama. Firiza mai injin inbata, wanda ke rage gudu maimakon ya tsaya ya sake tashi, ta fi tsada, amma ba ta fizgar wuta, kuma ita ce ta fi dacewa da sola da ƙaramin janareta.

Masu gyara ma suna da nasu kaso. Al'adar nan ta cire tamostat a haɗa injin kai tsaye, wai don a sami sanyi da sauri, ita ce ke mayar da firizar kilowat-awa 72 ta koma ta 144. Haka ƙara gas ba a nemo inda yake yoyo ba, da zuba shi ba awo, da rufe bututu ba a zuƙe iskar ciki ba. Yawancin matasan nan a bakin titi suka koyi aikin, ba su da famfon zuƙe iska ko sikelin gas, kuma mai kaya kansa mafi araha yake nema. Ƴan kwanaki na horo a cibiyoyin koyon sana'a, da rancen kayan aiki, za su sauya abubuwa da yawa.

Horon ya zama dole ma saboda gas ɗin kansa yana sauyawa. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa sun daina R12 tun 2010, kuma R22 zai bi shi a 2030. Gyaran Kigali na 2016, wanda Nijar ke ciki, ya ɗora musu fara rage dangin R134a da R404A daga 2029. Kilo ɗaya na R134a yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na hayaƙin kabon, na R404A kusan 3,900, alhali R600a da R290 kusan 3 ne. Waɗannan biyun sun fi tsimin wuta, amma suna kama wuta, don haka hannun da bai ƙware ba haɗari ne. Wanda ya sayi ɗakin sanyi mai R404A yau ya shirya wa tsadar gas nan da ƴan shekaru.

Saura hukuma. Gana ta kafa doka a 2008, ta fara aiki da ita a Janairun 2013, ta hana shigo da firigo na hannu. Ta wajabta alamar taurari a jikin sababbi, ta kuma yi shirin da mutum zai kai tsohuwarsa a rage masa kuɗin sabuwa. Hukumar makamashin ƙasar ta ƙiyasta cewa tsofaffin na shan kusan kilowat-awa 1,200 a shekara, sababbin kuwa ba su kai 400 ba. A 2020 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta har yanzu, ta fitar da umarnin manna takardar nuna shan wuta a jikin fitilu da kayan lantarki na gida. Amma umarnin sababbin kaya ya shafa, kasuwar Nijar kuwa ta na hannu ce.

Masu cewa haramci zai cuci talaka suna da hujja. Matar da ke tara jaka-jaka a adashi ba za ta iya sabuwar firiza ba, kuma ga iyaka mai tsawo da Najeriya wadda doka a takarda ba ta isa ta tsare ba. Don haka kwaikwayon Gana dare ɗaya ba shi ne mafita ba. Abin da ya dace shi ne a bi mataki-mataki. Duwan ta fara da tsayar da masu gas ɗin da aka riga aka haramta da waɗanda ba a yi su don ƙasar zafi ba. A sassauta haraji kan masu harafin T da injin inbata, domin tazarar farashi ta ragu. Bankuna da asusun ba da ƙananan rance su karɓi firiza a matsayin jarin sana'a, a biya sannu a hankali daga abin da aka rage na wuta. Ma'aikatar makamashi da hukumar ARSE su auna manyan ɗakunan sanyi na kifi, mahauta da kamfanonin nono, su bayyana sakamakon ga jama'a. NIGELEC ma riba gare ta a ciki, tunda kilowat ɗin da ba a ɓata ba ya fi wanda za ta samar da man gazuwal araha.

Ƙasar da ke da dabbobi miliyoyi, wadda nononta ke lalacewa a damina, tumatirinta ke ruɓewa a kasuwa, tana bukatar ƙarin sanyi, kuma adadin firizoji zai ci gaba da hauhawa ko an so ko an ƙi. Idan aka bar su su zama irin na yanzu, duk megawat ɗin da aka ƙara za su shanye shi kafin ya kai asibiti da makaranta. Mai shago na iya share raga da sauya roba a wannan makon. Ɗan ci-rani na iya tambayar harafin T kafin ya aiko da kuɗi. Hukuma kuma tana da ƴan watanni kafin zafi mai zuwa ta faɗa wa duwan irin firizar da za a bari ta shigo.