Shirin Shiga Daji

Idan kaka ta wuce, an kai dawa da gero rumbu, samarin Garbadu ba su da zance sai na farauta. Wannan yana kiwon karensa, wancan yana gyaran gorarsa, wani kuwa ya tafi neman laya. Amma ni a ganina, yara, yawancinsu sun bar shirin da ya fi kowanne amfani, watau shirin jiki da na zuciya.

Mu fara da ƙafa. Mafarauci yakan fita tun da asuba, ba ya komowa sai la'asar, wani lokaci ma ya kwana biyu a dawa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka sheme fili mai yawa tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun domin noman rani, namun daji suka ƙara nisa. Tafiyar yau ta fi ta kakanninku tsawo ke nan. To, wanda ya yi wata guda a gindin bishiya yana dara, ran nan ya tashi ya bi maharba, kafin hantsi zai fara ɗingishi, ya zama kaya ga abokan tafiyarsa. Ya kamata tun da sauran makonni mutum ya riƙa tafiyar ƙasa kullum, yau kaɗan, gobe ya ƙara, da kayansa a kafaɗa. Kada kuma ya sa sabon takalmi ranar fita, don shi ke kawo bororo.

Sai ruwa. A watan Maris da Afrilu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Wasu sun ɗauka jaruntaka ce mutum ya wuni bai kurɓi ruwa ba. Wannan wauta ce. Zufa tana fitar da ruwa da gishiri daga jiki, in ba a mayar ba sai ciwon kai da jiri su zo, fitsari ya yi ja, hannu ya kama rawa. Ina amfanin baka a hannu mai rawa? A cika salka ko jarka tun daga gida, a riƙa sha kafin ƙishirwa ta yi tsanani, a ɗauki fura da ƙuli-ƙuli. Ruwan kududdufi kuwa a bar wa karnuka. Gaskiya ne an raba Nijeriya da kurkunu tun 2013, amma gudawa tana nan.

Shirin zuciya shi ya fi wuya. Ku dubi mai burtu. Yakan ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, ya sunkuya, ya yi ta rarrafe cikin ciyawa har ya kusanci barewa. Da haƙuri ya ke aikinsa. Yanzu fa wasu samari ƙwaya su ke haɗiya, irin su Tramol, wai don kada su ji tsoro ko gajiya. Wata rana ina zagayen makarantu na ga an ɗauko wani saurayi a kan amalanke, an rotse masa kai. Ba kura ce ta taɓa shi ba. Abokinsa ne, a kan zomo ɗaya. Ai tsoro kaɗan yana da amfani a daji, shi ke sa mutum ya dubi inda zai taka, gama kububuwa launinta ɗaya da ƙasa. In ta sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa. A kwantar masa da hankali, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

Akwai kuma abin da kakanninku ba su sani ba. Daga wajen 2011 ɓarayin daji suka fara kafa sansani a dazuzzukan Zamfara, har da dajin Sububu na ƙasar Maradun. Saboda haka babu mai hankalin da zai fita bai shawarci Sarkin Baka ba, bai kuma gaya wa mutanen gida inda ya nufa da ranar komowarsa ba. In manya suka ce bana ba a shiga wuri kaza, sai a tsaya bayan gari a nemi gafiya da zabi.